Sabon Inji a Jikin Tsohuwar Mota: Abin da MGB Ta Gani



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka. Akan sami tsohuwar motar ƙawa, irin ƙananan nan masu kujera biyu da aka ƙera domin gudu da shan iska, a tuge injin da ta fito da shi daga masana'anta, a dasa mata na zamani. Masu sha'awar tsofaffin motoci sun rabu gida biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu na ganin gata aka yi wa motar, an tsawaita kwananta. Waɗansu kuwa na ganin kisan mummuƙe aka yi mata, an bar gangar jiki kawai tana yawo a titi. Gardamar kuwa ta wuce ta fatar baki, domin akwai dukiya mai yawa a cikinta, akwai doka, akwai kuma ran wanda zai zauna bayan sitiyari. Maimakon in bi motoci ɗai-ɗai in ƙare ban ce komai ba, na zaɓi guda ɗaya in tsaya a kanta, watau MGB ta ƙasar Ingila. Dalilina shi ne, da wuya a sami motar da aka gwada wa injuna iri-iri kamarta, har ma masu ita da kansu sun yi mata wannan dashe sau uku, kuma abin da ya biyo baya yana rubuce ga mai son dubawa.

An fara ƙera MGB cikin 1962 a garin Abingdon, kusa da Oxford, aka ci gaba har 1980 lokacin da aka rufe masana'antar. A cikin waɗannan shekaru 18 an fitar da fiye da rabin miliyan, mafi yawansu aka kai su ƙasashen waje, musamman Amurka. Mota ce gajera mai kwanciya a ƙasa, nauyinta wajen tan ɗaya, injinta a gaba, ƙafafun baya ke tura ta. Injin mai silinda 4 ne, cc 1,798, da kafireto biyu, ƙarfinsa doki 95, yakan kai ta ɗan fiye da mil 100 a awa idan hanya ta miƙe. Kuɗinta bai fi ƙarfin mai albashi ba kamar na Jaguar, saboda haka ta zama motar da samari da ƙananan ma'aikata na can suke sa wa ido.

To, ga abu na farko da nake so mu riƙe. Wannan inji da masu ra'ayin riƙau suke karewa kamar gadon kaka, ba domin MGB aka ƙirƙiro shi ba. Ɗan gidan injunan da ake kira B-Series ne, waɗanda aka soma yi tun farkon shekarun 1950, kuma 'yan'uwansa ne ke jan Austin Cambridge da Morris Oxford, motocin magidanta masu kai yara makaranta, har da ƙananan motocin ɗaukar kaya. A Indiya ma ɗaya daga cikinsu ya daɗe yana jan motar Ambassador. Injiniyoyin Abingdon sun ɗauko abin da suka tarar a rumbun kamfani ne, suka faɗaɗa shi, suka ƙara masa numfashi. Ashe tun ran gini da injin aro aka yi motar. Ba ita kaɗai ba ce kuwa. Motar Cobra, wadda a yau ake saye da kuɗin da ya isa gina unguwa, asalinta AC Ace ce ta Ingila. Sa'ad da kamfanin Bristol ya daina yin injin da ake sa mata, sai wani Ba'amurke mai tseren mota, Carroll Shelby, ya sa aka dasa mata injin Ford mai silinda 8 cikin 1962. Babu wanda ke kiran Cobra jabu a yau.

Gwaji na farko a kan MGB ya zo cikin 1967. Ana neman motar da za ta gaji Austin-Healey 3000 wadda kwananta ya ƙare, sai aka ɗauko inji mai silinda 6, cc 2,912, ƙarfin doki 145, aka cusa a jikin MGB, aka raɗa mata suna MGC. A takarda lissafin ya yi kyau: ƙarfi ya ƙaru da rabi, gudu ya kai mil 120 a awa. Amma injin na baƙin ƙarfe ne, dogo, kuma ya fi na da nauyi da wajen kilo 95. Ku ƙaddara an ɗaure buhun masara cikakke a hancin motar, daidai bisa ƙafafun gaba, kuma ba za a sauke shi ba har abada. Saboda girmansa sai da aka tura lagireto gaba, aka yi wa bonet ƙusumbi, aka kuma sake tsarin sifirin ɗin gaba baki ɗaya domin na da ya tare wa injin wuri. Aka wayi gari da mota wadda a miƙaƙƙiyar hanya ba ta da laifi, amma da an zo kwana, direba ya karya sitiyari, ita kuwa ta ce sai gaba. Wannan ba tsafi ba ne. Taya tana da iyakar abin da za ta iya riƙewa. Idan aka ɗora wa na gaba nauyin da ya fi rabonsu, su ne za su fara sakin kwalta, hancin mota ya zarce waje. 'Yan jaridar motoci na Ingila suka yi mata ca, kasuwa ta ƙi, cikin 1969 aka dakatar da ita bayan an yi wajen 9,000 kacal. Yarima Charles, wanda a yanzu shi ne Sarkin Ingila, ya mallaki guda lokacin yana ɗalibi a Cambridge, amma ko wannan bai ceci kasuwarta ba.

Wanda ya gano bakin zaren ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Wani mai tseren mota ne a yankin Kent, Ken Costello, mai ɗan garejinsa na kansa. Injin da ya yi amfani da shi ma labarinsa abin ji ne. Kamfanin Buick na Amurka ne ya ƙera shi, silinda 8 a jere biyu kamar harafin V, da alminiyum maimakon baƙin ƙarfe; ya sa shi a motocinsa daga 1961 zuwa 1963, sa'an nan ya watsar da shi. Kamfanin Rover na Ingila ya sayi izinin ƙera shi cikin 1965, ya fara sa shi a motocinsa cikin 1967, daga baya ya zama injin Range Rover. Abin da Costello ya lura da shi shi ne, wannan inji mai cc 3,528, watau kusan ninki biyu na injin MGB, bai kai shi nauyi ba, ya fi shi sauƙi da kimanin kilo 18. Kuma gajere ne, tun da silindojin huɗu-huɗu suke gefe da gefe, saboda haka ba ya miƙe hanci gaba kamar mai silinda 6. Wajen 1969 ya dasa na farko. Motar ta fito da ƙarfin da ya kai na MGC, babu kuma buhun masarar nan a hanci. Tana shan kwana kamar yadda ta saba, tana kuma tashi kamar an harba ta. Ya yi kimanin 200. Da labari ya kai kunnen shugabannin British Leyland, wanda a lokacin MG da Rover duka a ƙarƙashinsa suke, sai suka nemi ganin motar. Suka duba, ba a daɗe ba sai ga tasu ta fito cikin 1973, shi kuwa samun injuna daga wurinsu ya zame masa aiki. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ta kamfanin, wadda aka kira MGB GT V8, ƙarfinta doki 137 ne, tana kai mil 125 a awa. Ba ta yi sa'ar lokaci ba, domin 'yan watanni bayan fitowarta aka yi yaƙin Oktoba na 1973 tsakanin Larabawa da Isra'ila, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka guji duk motar da aka ce silindarta 8. Ba a kuma sayar da ita a Amurka ba, inda babbar kasuwa take. Zuwa 1976 an yi 2,591 aka tsaya. Amma akwai wani abu a cikinta da ya fi kasuwa muhimmanci ga maganarmu. Ƙarfin doki da muke ta ambata ba shi ke karya ƙarfe ba. Abin da ke karya ƙarfe shi ne ƙarfin murɗawa, watau irin ƙarfin da hannun bakanike ke sa wa sifana sa'ad da yake kwance noti. A sabon injin wannan ƙarfi ya ƙaru da kusan kashi uku cikin huɗu, alhali giyabos ɗin ɗan gidan na da ne. Akwai wata giyar ƙari da ake kunnawa da maɓalli domin sauƙaƙa wa inji a doguwar tafiya, tana aiki a giya ta uku da ta huɗu. Da aka ga murɗawar tana lalata ta, sai aka hana ta aiki a ta uku. Aka kuma sake haƙoran gatarin baya, watau ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, aka ƙara wa birki girma. Kun ga ko kamfani, da duk injiniyoyinsa, da ya taɓa inji sai da ya bi sauran motar gaɓa-gaɓa.

Yanzu bari mu zo ga zamaninmu. Me ke sa mai MGB a yau ya yi tunanin injin zamani? Wani dalilin tarihi ne ya bar masa. Daga tsakiyar shekarun 1970 dokokin Amurka na hayaƙi da na haɗari suka matsa wa motar: aka sa mata manyan bambobi baƙaƙe cikin 1974, aka ɗaga ta daga ƙasa, aka rage kafireto ya koma ɗaya a waɗanda ake kaiwa can, ƙarfi ya faɗo ƙasa da doki 70. Wanda ya gaji irin wannan, motar 'yan cefane ma za ta wuce shi a danja. Wani dalilin kuma man fetur ne. An ƙera tsohon injin ne domin mai da aka gauraya da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul daga ci. An janye wannan mai daga gidajen man Ingila cikin 2000, kuma cikin 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe da ke sayar da shi ga motoci, ta ƙarar da nata. A wannan shekara ta 2021 kuma Biritaniya ta mai da fetur mai kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol ya zama na yau da kullum, shi kuwa yana cin tsofaffin robobi da tiyo. Duk waɗannan suna da magani ba tare da an tuge inji ba, amma idan aka haɗa su da saita kafireto biyu har su yi numfashi tare, da kwantak mai cinyewa, da ɗigar baƙin mai wadda injunan Ingila na wancan zamani suka yi suna da ita, sai mutum ya soma duban na maƙwabci.

Maƙwabcin kuwa daga Japan ya zo. Cikin 1989 kamfanin Mazda ya fito da MX-5, wadda a fili take cewa ƙananan motocin Ingila ta kwaikwaya, sai dai ita tana tashi da safe ba gardama. Zuwa 2016 an yi miliyan ɗaya. Injinta a tsaye yake daga gaba zuwa baya, yana tura ƙafafun baya kamar na MGB, ga shi kuma birjik a wuraren sayar da kayan motocin da suka yi haɗari. Shi ya sa ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi dasawa. Wani ƙaramin kamfani a yankin Abingdon, Frontline, ya yi amfani da mai lita 2 na alminiyum a motar da ya fitar domin cikar MGB shekara 50 cikin 2012, ƙarfinta fiye da doki 200. Almajiri ya dawo ya ba malaminsa aron zuciya.

Ga wanda zai yi aikin, awo ne farko, kafin ya taɓa sifana. Injin zamani kansa ya fi tsawo, domin sandunan da ke buɗe bawul a bisa kai suke, guda biyu, alhali na tsohon guda ɗaya ce a gefen ciki. Bonet ɗin MGB kuwa a kwance yake. Idan aka sauke injin ƙasa domin bonet ya rufe, kaskon baƙin mai zai ci karo da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashinsa yana riƙe da ƙafafun gaba, ga kuma sandar sitiyari tana neman hanyarta ta gefe. Sai an ƙera sabon mazaunin inji, sau da yawa sai an sake kaskon. Giyabos yakan zo tare da injinsa, shi kuma sai ya shiga ramin da ke tsakanin kujeru biyu, wanda a motocin kafin 1967 ƙunci gare shi. Waɗanda aka yi daga ƙarshen 1974 sun fi sauƙin aiki, domin kamfani ya riga ya faɗaɗa ɗakin injinsu daidai da na V8, abin da ya sa motocin nan masu baƙin bamba, waɗanda aka daɗe ana rainawa, suka sami masu nema. Sa'an nan sai a yanke farfela a daidaita ta. Kuskuren 'yan digiri kaɗan a kusurwarta ya isa ya sa mota ta riƙa karkarwa har direba ya ji a haƙoransa.

Bayan ƙarfe sai mai da wuta, kuma a nan ne mafi yawan masu wannan aiki suke kwana. Kafireto ba ya bukatar matsi. Ɗan famfo ya turo masa mai a hankali ya isa. Injekta kuwa tana son mai da matsin da ya ninka wannan fiye da sau 10, saboda haka famfo da bututu da matata duka sai sababbi. Tankin ma sai an yi masa shinge a ciki, domin kafireto yana da ɗan kofin ajiya da zai sha idan mai ya gudu gefe a kwana, injekta kuwa da ta shaƙi iska inji zai yanke. Tsohuwar tiyo a ƙarƙashin irin wannan matsi, kusa da salansa mai zafi, ba sai na faɗa muku abin da za ta haifar ba. Ta fannin wuta, MGB ta farko batir biyu ne gare ta masu bolt 6 a bayan kujeru, kuma har 1967 tsarin wayarinta a juye yake, ƙafar batir mai alamar tarawa ce ke haɗe da jikin mota, akasin abin da kowace na'urar zamani ke bukata. Shi kuma sabon injin ba ya tashi sai da kwamfutarsa, wadda kanikawanmu ke kira burenbos. Ita kuwa ba ta yarda da baƙo: tana neman ta ji muryar makullin motar da ta fito daga ciki, da ta agogon gudu, da ta sauran 'yan'uwanta, in ba ta ji su ba ta hana mai da wuta. Ko dai a kwaso dukan danginta a dasa tare da ita, ko a sayi wata kwamfuta mai zaman kanta a zauna a koya mata injin daga farko, adadin mai da lokacin tartsatsi a kowane gudu.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan haɗari, ga shi kuma ba a ganinsa. MGB ba ta da shasi dabam wanda aka ɗora wa bodi; bodin ne kansa ƙashin bayanta. A wadda ba ta da rufi, ƙarfin duka yana cikin dogayen akwatunan ƙarfe biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi da ramin tsakiya. Waɗannan akwatuna daga ciki suke tsatsa, musamman a ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, fenti yana sheƙi a waje ciki kuwa ya zama gari. Duk wanda ya taɓa ganin an yi wa tsohuwar katangar ƙasa yaɓen siminti ya san abin da nake nufi. Simintin ya fi ƙasa ƙarfi, babu musu, amma ba ya motsi tare da ita, ba ya kuma barin damshi ya fita; bayan damina biyu ko uku sai ya ɓamɓaro, ya taho da fuskar katangar. Haka doki 200 ke yi wa jikin da aka auna domin 95, bayan tsatsa ta yi shekara 50 tana cinsa. Daɗin daɗawa, ɗaliban kimiyya da ke nan sun san cewa aikin da ke kan birki yana ƙaruwa ne da gudu sau kansa: motar da ta tashi daga mil 100 zuwa 140, zafin da birkinta zai haɗiye ya kusan ninkawa. Birkin baya na MGB kuwa na ganga ne, gatarin baya a kan sifirin mai ganye yake irin na akori-kura, waɗansu ma ƙafafunsu na waya ne kamar na keke. Babu jakar iska, babu na'urar hana taya kullewa. Wanda ya kashe kuɗinsa duka a kan inji ya bar waɗannan sai wata mai zuwa, ya ƙera abin da zai kai shi wurin haɗari da wuri ne kawai.

To, idan an sake inji, an sake giya, an sake birki da gatari, motar ta wa ce, kuma sunanta wa? Tambayar ta ƙara rikicewa cikin 1988, lokacin da kamfanin British Motor Heritage ya tattaro ainihin na'urorin matse ƙarfe na da, ya koma yin sabon bodin MGB. A kan irin wannan bodi ne aka yi dashe na uku, motar RV8 ta 1992 mai injin Rover lita 3.9 da injekta, wadda aka yi wajen 2,000, mafi yawansu Japanawa suka saye. Hukumar rajistar motoci ta Biritaniya ta daɗe tana warware wannan da lissafin maki, kafin a sake ƙa'idojin cikin 2025. A wancan tsohon tsari, sai mota ta sami maki 8 cikin 14 kafin ta riƙe lambarta ta asali. Shasi ko bodi yana da 5. Sifirin, gatari, giya da sitiyari kowanne 2. Inji kuwa, wanda duk wannan hayaniya a kansa ake yi, maki 1 tak. Ta wani gefen kuma, tun 2018 an ɗauke wa motar da ta wuce shekara 40 gwajin lafiya na shekara-shekara a can, amma da sharaɗin ba a yi mata babban canji cikin shekaru 30 da suka wuce ba, kuma dasa inji na wani iri dabam yana cikin babban canji. Ita kuwa FIVA, ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, ta fito fili cikin 2019 ta ce motar da aka mai da ta mai aiki da lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi, ta kuma shawarci wanda ya nace da ya yi aikin yadda za a iya mai da shi baya, ya adana kayan asali.

Mu a nan gida dashen inji ba baƙon abu ba ne, sai dai larura ce ke sa mu, su kuwa nishaɗi. Wanda ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna zai ga injunan Beljiyam a jere suna jiran gangar jikin da za su shiga. Abin da nake so ku tuna shi ne, lokacin da motoci masu injekta suka fara yawa a hanyoyinmu, kanikawa da dama sun riƙa cire injektar suna mai da mota kafireto. An yi musu dariya, an ce sun koma baya, kuma gaskiya ne motar takan ƙara shan mai. Amma akwai lissafi a cikin abin da suka yi: sun zaɓi abin da za su iya kwancewa a gindin bishiya su wanke su mayar. Wannan lissafi ya shafi mai MGB na Ingila fiye da yadda yake zato. Injin 1962, kusan kowane yanki nasa ana samunsa sabo a yau, wanda ba a samu ba kuwa mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya yinsa. Kwamfutar inji ta 2010 fa? Ƙananan kayan cikinta suna tsufa ko da ba a kunna ta ba, masana'antu suna daina yinsu, manhajar da ake magana da ita tana bukatar na'urar da ita ma za ta ɓace. Ina ganin ba abin mamaki ba ne nan da shekara 40 a sami MGB mai tsohon inji tana tafiya, 'yar'uwarta mai injin zamani tana kwance ana neman wanda ya san harshenta.

Duk da haka, a ganina babu laifi a yi wa MGB ta gama-gari wannan aiki. An yi fiye da rabin miliyan, gidajen tarihi sun ƙoshi da ita, kuma motar da ake hawa kowane mako da injin Mazda ta fi mini wadda ke ruɓewa a bayan gida da injinta na asali. Sai dai kada sabon ya fi tsohon nauyi, kada kuma a kunna shi sai an gama da tsatsa da birki. Duk inda za a iya ɗaurewa da noti, kada a kai wuta a yanke. Tsohon injin a zuba masa mai a silinda, a rufe shi, a ajiye da lambarsa, domin mai saye na gaba yana da haƙƙin ya zaɓa. Shi da kamfanin inshora kuma a gaya musu abin da ke ƙarƙashin bonet. Amma V8 ta kamfani da MGC, waɗanda yawansu duka bai kai 12,000 ba tun farko, ban ga hujjar taɓa su ba. Ita MGC ɗin nan da aka yi wa dariya cikin 1967, an ce motocin da aka ba 'yan jarida su gwada ma iskar tayarsu ba daidai take ba. Masu ita daga baya sun gano cewa da tayoyin zamani, da iskar da ta dace, da 'yan gyare-gyare a sifirin da shakazoba, mafi yawan taurin kan nan nata a kwana yana gushewa, injin kuwa yana nan inda aka sa shi.

Shugaba, a nan zan dakata. Idan akwai tambaya, ga ni.